Agogon da Ban Mayar wa Inna Metiron Ba

Ranar Talata, tara ga watan Maris na shekarar 1999, tsakanin Azahar da La'asar, Allah Ya karɓi ran Hajiya Kulu Attahiru, tsohuwar metiron, wato shugabar nas-nas a asibiti, wadda mu ɗalibanta muke kira Inna Metiron. Na Allah ne mu, kuma wurinSa kowa ya nufa. Ta cika a asibiti a Gusau bayan kwana huɗu ba ta magana, hawan jini ya shanye mata ɓarin dama. An kai ta makwancinta a ranar, kafin Magariba. Ni labarin bai iske ni ba sai washegari da hantsi. Ina tsaye a ɗakin allura a wurin aikina a Tsafe, sai Bala, direban da ke jigila tsakanin Gusau da Tsafe, ya leƙo ta taga ya ce, "Sista Hussaina, ashe uwar nas-nas ta rasu?" Na ajiye sirinjin da ke hannuna. Ban san lokacin da hannuna ya kai kan agogon da ke maƙale a ƙirjina ba. Agogonki ne, Inna, kuma shekara biyu ke nan ya kamata a ce na mayar miki da shi.

Na zo gaisuwa gidanki a Damba, can gefen Gusau, ranar sadakar uku. Na zauna cikin mata, na ce Allah Ya jiƙanki kamar yadda kowa ya ce, na sha ruwa, na tashi. Abin da ya kawo ni bai fita daga bakina ba. Shi ya sa na ɗauki biro. Idan na rubuta shi a jarida, ba ni da sauran damar janyewa, kuma kin san janyewa ita ce cutata tun ranar da kika fara ganina.

Waɗanda suka fi ni saninki za su faɗi tarihin aikinki. Shekara talatin da ɗaya kika yi cikin farin kaya, daga Sakkwato zuwa Talatar Mafara, zuwa Ƙaurar Namoda, kika ƙare a Gusau. Akwai magidanta masu gemu a garin nan da ke kika yanke musu cibiya. An ce a zamaninki idan nas ta ji takun takalminki a baranda, gyara hula take yi ko da hular a gyare take. Ni ban san wannan Kulun ba. Wadda na sani ita ce tsohuwar da ta yi ritaya, ta kafa rumfar kara a bayan gidanta, ta sa benci uku da baƙin allo, ta shiga neman waɗanda kowa ya kawar da kai daga gare su.

Ga wanda bai san harkar ba, bari in yi bayani. Mutum yakan yi shekara uku a makarantar koyon aikin jinya, ya kwana kan marasa lafiya, ya wanke ciwo, ya kwashe amai. Duk da haka ba a kiransa nas sai ya ci jarrabawar Kansul, wadda takardunta ke zuwa daga Legas, ita ce ke ba da lasisin aiki. A yadda muka taso muka tarar, zama uku ake ba mutum. Wanda ya faɗi na uku, shekarunsa uku sun bi ruwa. Wadda ta faɗi sau ɗaya takan koma makaranta ta raɓa ajin ƙannenta, tana sunkuyar da kai. Wadda ta faɗi sau biyu kuwa, yawanci gida take komawa ta zauna da tsofaffin littattafanta, tana maimaita karatun da ya kayar da ita, ba mai gaya mata inda take tuntuɓe. Wasu sukan haƙura su nemi makarantar kiwon lafiyar al'umma su faro daga tushe. Wasu sukan shige bayan kantar kemis suna yi wa mutane allura ba lasisi, gabansu na faɗuwa duk lokacin da baƙuwar mota ta tsaya a ƙofa. Kin rubuta wa hukuma takarda fiye da sau ɗaya kina roƙon a buɗe wa irinmu aji na musamman. Kafin amsa ta zo, kin buɗe naki.

Abin da ba zan manta ba shi ne yadda kike samo mu. Ranar da aka kafe sakamako a allon makaranta, kowa sunan waɗanda suka ci yake dubawa, ana guɗa ana rungume juna. Ke kuwa sai ki bari taro ya watse, ki sa tabarau, ki kwafe sunayen waɗanda suka faɗi a bayan wata tsohuwar ambulan. Daga nan ki bi su ɗaya bayan ɗaya, Mada, 'Yandoto, Kwatarkwashi, duk inda mota ke shiga.

Haka kika iske ni a Bunguɗu cikin daminar 1996. Na faɗi a Nuwamba, na sake faɗuwa a Mayu, zama ɗaya ya rage mini. Na naɗe farin kayana na cusa ƙarƙashin adaka. Mahaifina, Malam Haliru, ya riga ya yanke magana: ya ce ya gaji da a tare shi a bakin masallaci ana tambayarsa ko likitarsa ta fito. Ba ki same shi a gida ba, sai kika tattare zani kika bi shi har gona, cikin caɓi, ana maimai. Ina laɓe bayan bishiyar ɗorawa ina jin ku.

"Malam Haliru," kika ce, "na ga takardun ɗiyar nan taka. Ba daƙiƙiya ba ce. Ka ba ni aronta wata huɗu. In ta faɗi, ni da ƙafata zan maido maka ita har ƙofar gida in ba ka haƙuri."

Baba ya jingina da hauyarsa. Ya ce, "Hajiya, mi kika haɗa da ita?"

Kika ce, "Ba komi. Nas muke so a ƙasar nan, ga kuma nas kwance a ɗakinka."

Ranar Asabar na shigo mota da ƙullin kayana. Mu bakwai ne a rumfarki, mata biyar, maza biyu. Mu na nesa a ɗakin 'yarki Lantana muke kwana, tukunyarku ɗaya muke ci. Wallahi ban taɓa jin kin ambaci kalmar faɗuwa a gidan nan ba. Cewa kike yi, "waɗanda sunka rage aiki."

Sai kuma Malam Garba. Duk wanda ya zauna a rumfar Damba, ko yana cikin kuka, idan ya ji sunan nan sai ya murmusa. Buhu ne kika ɗinke kika cusa masa auduga, kika yi masa hannuwa da ƙafafu, kika sa masa tsohuwar taguwar marigayi maigidanki, kika kwantar da shi a gadon ƙarfe. Shi ne majinyacinmu. Ba mai taɓa shi sai ya yi sallama, ya gaishe shi, ya faɗa masa abin da zai yi masa. Ranar da na juya shi ban gaishe shi ba, cewa kika yi, "Ke Hussaina, buhun gero kinka samu? Koma waje ki sake shigowa." Na so in ce ai buhun ne, amma wa ya isa? Allura a jikin lemo muke koyo, idan an gama mu ɓare mu sha. Tiren kayan aiki kuwa mun haɗa shi har hannuwanmu suka haddace: almakashi a nan, auduga a nan, kwanon ƙazanta a ƙasa. Kowace tambaya sai mun fara amsa ta da Hausa, da baki, kin ji mun fahimta, sannan ki ce, "To, yanzu sa mata rigar Turanci." Da yawa a cikinmu sai a rumfar nan muka gane abin da muka yi shekara uku muna haddacewa.

Kowa da ciwonsa, kuma ba ki ba mutum biyu magani ɗaya. Idris, ɗaya daga cikin mazan, saurin rubutu ne ba shi da shi, sai kika riƙa tsaya masa a ka da agogo. Ni kuwa mako biyu kika yi kina kallona ba ki ce komai ba. Rubutuna lafiya lau. A jarrabawar aiki da hannu nake faɗuwa, wadda ake tsayawa gaban mai jarrabawa a ɗakin majinyata, yana tambaya kana amsawa. Wata safiya kika zauna a kujera kika harɗe hannu, kika ce in faɗi bugun jinin babban mutum mai lafiya a minti ɗaya. Na faɗa daidai. Kika sauke tabarau, kika dube ni, kika ce, "Kin tabbata?"

Nan take na sunkuyar da kai na sauya amsa.

Kika sake wata tambayar. Na amsa daidai. "Kin tabbata?" Na sake sauyawa. Sau huɗu muna haka. A na biyar kika daki benci har lemon da ke kai ya gangaro ƙasa.

"Ga shi nan! Ga abin da ya kada ki har sau biyu. Duka huɗun daidai kinka faɗi, duka huɗun kinka zubar."

Na ce, "Inna, ai na ga kamar ba ki yarda ba ne."

Gaskiyata na faɗa. A gidanmu, idan babba ya ce maka "ka tabbata?", ba tambayarka yake yi ba, hanya yake ba ka ka gyara cikin mutunci. Yarinya mai tarbiyya ba ta kafewa a gaban babba, ba ta kallon tsakar idonsa. Da wannan aka yabe ni tun ina ƙarama. Masu jarrabawa kuwa da gangan suke yin tambayar, don su ga ko nas za ta tsaya a kan abin da ta sani. Ni kuma sai in yi musu ladabi, su kuma su ja mini jan biro.

Abin da kika faɗa mini ranar yana nan a kaina kamar yanzu. Kika ce, "Ladabinki ki kai wa uwayenki, yana da kyau. Amma in kin auna kin gani da idonki, ko sarki ya tambaye ki, ki ce kin tabbata. Ranar da kinka janye don kunya, wani za a ɗauka a makara." Daga ranar, duk wanda ya gifta ta rumfar sai ya jefa mini tambayar. Lantana na tuƙa tuwo za ta ɗago ta ce, "Hussaina, yau Laraba. Kin tabbata?" Har na iya ɗaga kai in ce na tabbata ba tare da muryata ta yi rawa ba.

Yanzu na zo kan agogo. Ƙaramin agogon azurfa ne mai fil, irin wanda nas ke maƙalawa a ƙirji don ƙirga bugun jini. Tun kina ɗaliba kike da shi. Al'adar rumfarki ita ce, duk wanda zai shiga zamansa na ƙarshe, shi ake maƙala wa. Idan ya ci, zai riƙe shi har a samu wani mai zama na ƙarshe. Sannan ya dawo Damba duk Asabar ya zauna da wannan mutumin, ya ja shi, ranar tafiya ya maƙala masa agogon da hannunsa. Wannan ne kaɗai abin da kika taɓa nema a wurinmu. Kin ce mai faɗuwa yana jin maganarki da kunne ne kawai, don ya san ke ba ki taɓa faɗuwa ba. Amma idan ya ga wadda ta faɗi sau biyu tsaye a gabansa cikin farin kaya, a nan zuciyarsa ke tashi. Ni wata Sista Hajara ce ta riƙa zuwa mini tun daga Mada, da goyo a bayanta. Ita ta maƙala mini.

A Nuwamban 1996 na shiga. Mai jarrabawar wata doguwar mata ce daga kudu. Ta sa na auna jinin wani dattijo, na faɗi abin da na samu. Ta dube ni ta saman tabarau ta yi tambayar nan da Turanci. Na dafa agogon, na dubi tsakar idonta, na ce na tabbata. Da sakamako ya fito, Baba da kansa ya ɗauko kwandon dankali ya kawo miki har Damba. Sabuwar jiha na neman ma'aikata, ba a daɗe ba aka tura ni Tsafe.

A nan na lalace, Inna. Ba zan sa wa abin wani suna ba.

A wurin aiki na tarar ana yi wa rumfarki dariya. Idan nas ta yi kuskure sai a ce, "Halan 'yar Damba ce?" a kwashe da dariya. Ranar farko da na ji, na yi shiru. Ta biyu, na yi murmushi. Ta uku, da ni aka yi dariyar. Da aka tambaye ni me ya sa na makara shekara guda ban fito ba, na ce jinyar mahaifiyata na yi. Mahaifiyata da ko ciwon kai ba ta yi ba! Da wannan ƙaryar na yi aure. Abdulrahman, mijina, sai a shafin nan zai fara sanin gaskiya. Kowa na yaba agogona, ina cewa na gado ne.

Kin aiko Bala a farkon 1997, kin ce akwai wata Saude mai zama na ƙarshe. Na ce a gaya miki ban gama zama a wurin aiki ba. Kin sake aikowa, na ce ina da juna biyu. Kin aiko na uku da hoce, wato wainar dawa, da man shanu, kika ce a gaishe ni da jiki, ba ki ko ambaci agogo ba. Tsakanin Tsafe da Gusau tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba ce. Na sha shigowa Gusau sayen atamfa, in zagaye hanyar Damba kamar mai gudun kare. Saude ta shiga ba agogo, ba kuma wadda ta zauna da ita ban da ke. Ta faɗi. Yanzu tana wani kemis. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, ban ce ƙarfe da gilashi ke cin jarrabawa ba. Amma na san abin da zuwan Sista Hajara ya yi mini, kuma na san shi na hana Saude.

Duk wannan da sauƙi a kan abin da zan faɗa yanzu.

Wata Alhamis a farkon Fabrairun bana, mako biyu bayan ƙaramar Salla, ina zaune a teburin awo da abokan aiki biyu, sai na ga kin shigo. Kin rame, kina tafiya a hankali. Gabana ya faɗi, ba don ramarki ba, don kada ki yi maganar rumfa a gabansu. Ban ce Inna ba. Cewa na yi, "Hajiya, sannu da zuwa," kamar wata maƙwabciya. Kin ji, na ga kin ji, amma kika amsa da fara'a. Kika bari sai da suka juya baya, kika rage murya kika ce, "Akwai wata yarinya, Rahama, ta 'Yandoto. Mayu ne zamanta na ƙarshe. Irin ciwonki gare ta. Ni kuwa kaina ya matsa mini kwanan nan, ba ni iya dogon zama. Ki zo mata, ko Asabar huɗu ce."

Na ce zan duba. Don in sauya magana, na ce bari in auna ki tunda kin ce kanki na ciwo. Kika miƙo hannu. Na ɗaura miki na'urar awon jini, na hura, na sa abin saurare a kunne. Ɗari biyu da goma bisa ɗari da ashirin. Na sake, haka ya ba ni. Na faɗa miki.

Kika dube ni ta saman tabarau, kika ce, "Kin tabbata?"

Inna, na tabbata. Wallahi na tabbata. Sau biyu na auna, kunnena ƙalau, na'urar ƙalau, da ita na auna mutum goma sha a safiyar nan. Abin da ya kamata in yi na san shi tun a rumfarki: in ce ba inda za ki, in kira likita, in ba ki gado, in aika a gaya wa Lantana. Amma idan na kwantar da ke, za ki kwana biyu ko uku a wurinmu. Ɗalibanki za su cika baranda suna zuwa dubiya, kowa zai san ko ke wace ce, kowa zai san ko ni wace ce. Duk wannan ya gifta a raina cikin ƙiftawar ido. Sai na sunkuyar da kai na ce, "Wataƙila na'urar ce, Hajiya, takan yi haka. Kuma kin sha hanya. In kin koma Gusau ki sa a sake dubawa."

Ba ki yi faɗa ba, ba ki daki tebur ba. Kika sauke hannun rigarki, kika gyara mayafi. Idonki ya sauka kan agogon, kika ce, "Yana tafiya daidai?" Na ce yana yi. Kika ce, "To madalla." Na raka ki iya bakin ƙofa, ko tasha ban kai ki ba.

Har yau ban san da wace niyya kika yi tambayar ba. Ko gwada ni kika yi irin na da, ki ga ko karatunki ya zauna. Ko kuwa tsoron gado kike yi saboda Mayu ta matso, kina so in ba ki hanyar tserewa. Ko wanne ne, amsa ɗaya ce ta dace, kuma ke kika koya mini ita. Lantana ta gaya mini ba ki je an sake dubawa ba. Da ta matsa miki, cewa kika yi, "Hussaina ta auna ni, ta ce na'ura ce." Kin fi ni sanin hawan jini nesa ba kusa ba, na sani. Likitan da na kai wa maganar ya ce mai shekarunki da irin wannan awo, ko an kwantar da ita ba a da tabbas. Malamai sun ce kwana idan ya ƙare ba mai ƙara shi, na kuma yi imani da haka. Amma ajali daban, amana daban. Ba a tambaye ni ranar mutuwarki ba, abin da na gani a na'ura aka tambaye ni, na kuma ɓoye. Mako huɗu tsakani kika faɗi a rumfa, da alli a hannunki.

Ranar sadakar uku, da na tashi tafiya, ƙafata ta ja ni bayan gida. Rumfar na nan. Rubutunki na kan allo, rabin jimla, ba wanda ya iya gogewa. Malam Garba na kwance a gadonsa an lulluɓe shi da zani. Wata siririyar yarinya na zaune a ƙarshen benci da littafi a cinya, a rufe. Na tambayi sunanta, ta ce Rahama, ba ta ɗago ba. Na ce yaya karatu. Ta ce, "Anti, gida za ni. Babanmu ya ce in dawo hakanan, tunda mai riƙe da ni ta tafi." Idonta ya kai ƙirjina ya tsaya. Ta san agogon, don kin sha ba su labarinsa. Lantana ta ce abin da kike gaya musu shi ne yana wurin wata ƙwararriyar nas a Tsafe, aiki ne ya yi mata yawa, tana nan tafe. Shekara biyu kina rufa mini asiri a gaban yaran da na ƙi. Na ce Allah Ya ba mu haƙuri, na fita.

Jiya Asabar na je 'Yandoto. Na iske mahaifin Rahama yana gyaran rumbu. Ban iya magana irin taki ba, sai na faɗa masa abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, cewa ni ma sau biyu na faɗi. Ya dubi farin kayana, ya dube ni, ya ce, "Ke ɗin?" Na ce ni ɗin. Na roƙi aronta zuwa Mayu, ya ba ni. Lantana ta ce rumfa tamu ce muddin tana raye. Sista Hajara ta ce za ta riƙa zuwa daga Mada, Idris ma ya aiko cewa yana tafe. Saura mako bakwai. Ban san ko Rahama za ta ci ba, wannan na Allah ne. Abin da na sani, ba za ta shiga ita kaɗai ba, kuma da hannuna zan maƙala mata agogon.

Ina kira ga duk wanda ya taɓa zama a bencin Damba, yau yake cikin farin kaya a Gusau ko Anka ko Gummi yana ɓoye inda ya fito: mu da yawa ne, na san wasunku, ba zan kira suna ba. Asabar da ƙarfe tara ake farawa. Ina kuma roƙon hukuma ta duba takardun da marigayiya ta rubuta, a samar wa waɗanda suka rage aiki aji mai rufin kwano da malamai. Ke kuma Saude, ban san da wane ido zan dube ki ba, amma ina nan zuwa.

Ya Allah, ga baiwarKa Kulu 'yar Attahiru ta zo gare Ka. Ka jiƙanta, Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Ta rufa asirin bayinKa a duniya, Ka rufa nata ranar tsayuwa. Duk ciwon da hannun ɗalibanta ya wanke, duk jaririn da suka karɓa, Ka kai ladan kabarinta. Ka tabbatar da harshenta a wurin tambaya, Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarta. Ni kuma Ka yafe mini, Ka ba ni ikon gyara abin da ya rage mai gyaruwa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarta Lantana da sauran 'ya'ya da jikoki, da dukan zuriyar Malam Attahiru, da mutanen Damba, da ma'aikatan jinya na jihar Zamfara baki ɗaya. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya sa ku ga albarkar abin da ta shuka. Lantana, kin karɓe ni ranar gaisuwa ba ki san abin da na yi ba. Yanzu kin sani. Idan kin ga dama ki yafe, idan ba ki iya ba tukuna, ba zan ga laifinki ba, amma ki bar mini ƙofar baya a buɗe ranar Asabar.

Inna, kin tambaye ni a Tsafe na ba ki amsar ƙarya. Ga ta gaskiya, ko da ta makara: ɗari biyu da goma ne bisa ɗari da ashirin, kuma na tabbata.

Hussaina Haliru Bunguɗu,
ɗalibar rumfar Damba, wadda ta faɗi sau biyu.